Fuskar da Ke Jikin Buhun Auduga

Tun da aka kafa ƙungiyar manoman auduga ta Rafin Ɗinya, kudu da Malumfashi, hoton fartanya ne tambarinta. Bayan an sami 'yancin kai, shugabanta Alhaji Shitu ya ce fartanya ta tsufa. Ya sa wani mai zane a Kaduna ya yanko sabon tambari a jikin fallen kwano: fuskar manomi da malafa.

Ranar kasuwa aka buga shi a buhuna da baƙin fenti. 'Yan dako suka zo ɗauka, sai suka ja da baya.

"Alhaji, ai Labo ne wannan," in ji ɗaya.

Labo Bamaguje ne, ruwa ya tafi da shi daminar bara, ba a ga gawarsa ba. Alhaji Shitu ya rantse mai zanen bai taɓa taka garin ba. Wasu suka ce kama ce kawai, wasu suka ce a maido da fartanya. Amma ba wanda ya yarda ya ɗora buhun a kansa.

Labari ya iske Marka, matar Labo, tana sussuka. Ta zo da ƙaiƙayi a jikinta, ta tsuguna gaban buhunan. Ga tsagar kumatun Labo, ga kunnen da bijimi ya taɓa yaga masa. Ta ɗaga kwanon ta duba: a can kunne lafiya lau.

"Alhaji, ka ba ni ɗaya," ta ce. "Gida yake so."

Ya ba ta. Dangin Labo suka haƙa kabari a gefen gonarsa, suka naɗe buhun suka binne, aka zuba giya a ƙasa yadda suka gada. Ranar Marka ta yi kukan da ya ƙi zuwa mata shekara guda.

Da kasuwa ta zagayo, aka buga sababbin buhuna da kwanon nan dai. 'Yan dako suka duba, suka ce wannan bai yi kama da kowa ba, suka sunkuta suna raha.

Marka ma ta duba, ta daɗe. Kunne ya gyaru, tsaga ta ɓace, amma ga ɗan tabo a haɓa, irin na Abubakar mai awo. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta bi ta rumfarsa, mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta tambaye shi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya riƙa kula da kansa.

"Lafiya dai, Marka?" ya tambaya yana dariya.

"Lafiya," ta ce, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta waiwaya ba.