Manzo a Bakin Ƙofar Surukinsa

Manzo magini ne, mutumin Deule, kuma kowa ya san shi da saurin fushi. Ya taɓa sauka daga kan gini ya bar mai gida da kwaɓaɓɓen siminti saboda kalma guda. Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga wa ido ba, shi ne surukinsa Alhaji Halidu na Buza, uban matarsa Delu. Tun da aka ɗaura auren bai ci abinci a gaban tsohon ba, bai shiga zaurensa da takalmi ba, bai kuma taɓa ce masa a'a ba.

Ɗiyarsa Mubaraka ta ci bak, jarrabawar gama lise, wato sakandare, har wata jami'a ta ƙasar waje ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna, da sharaɗin ta ci jarrabawar Ingilishi kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Manzo bai wuce firamare ba, ya zaci za a tara su ne a aji kamar bak. Madam Zaliha, malamarta ta Ingilishi, ita ta fahimtar da shi. Ta ce a ordinata, wato kwamfuta, ake yi, kamera na kallon yarinya tun farko har ƙarshe. Dole ta kasance ita kaɗai a ɗaki, kada ta waiwaya, kada ta tashi, kada a ji muryar kowa. Manzo ya ce wannan ai tsaron ɓarawo ne. Madam ta yi dariya, ta ara musu ordinatarta.

Rezon Deule, wato intanet ɗin garin, ba ya ɗaukar irin wannan aiki. Wurin da ya dace shi ne gidan Alhaji Halidu, don yana gindin eriyar waya, ga kuma fano mai jan wutar rana a kan rufi. Manzo ya shirya gidan kamar mai shirin zuba dala, wato kankaren rufin gini. Ya roƙi mata su ɗaga daka, ya kori yaran makwabta, ya kai jaki bayan gari ya ɗaure, zakara ma ya kife shi da kwando. Tsohon ne kawai bai tunkara ba. Wa zai shiga gidan surukinsa ya kafa masa doka? Sai ya faɗa wa Delu, Delu ta faɗa wa innarta, innar ta jira Alhaji ya gama cin tuwo ta ce masa jikarsa za ta yi wani karatu mai nauyi, a sa ta a addu'a.

Da hantsi Mubaraka ta shiga ɗaki, Manzo ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa ya zauna. Yana jin muryarta ƙasa-ƙasa tana Turancin da bai san kansa ba. An yi nisa sai ga Alhaji ya dawo daga kasuwar dabbobi, yana dogara sanda, yana tambayar ina amaryarsa, don haka yake kiran jikar tun tana rarrafe. Manzo ya zame daga kan buhu ya durƙusa. Yana cikin gaisuwa tsohon ya ɗaga labule.

"Amarya, kin samu miji a cikin akwati kin manta da ni?"

Mubaraka ta yi abin da aka koya mata tun tana ƙarama. Ta sauka daga kujera ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Ta koma da sauri, ta ƙarasa jarrabawar idanunta na ƙwalla.

Amsar da ta zo bayan kwanaki gajera ce. Madam Zaliha ta fassara masa a waya, tana jan kalmomin don ta sassauta su, amma Manzo ya matsa sai da ta faɗa yadda aka rubuta. An soke jarrabawar, an ga wani mutum a ɗakin, ana zargin an taimaka mata da amsa.

Manzo ya yi jifa da cokalin gini har ya kafe a yashi. Ya tambayi Madam wace amsa tsohon da ko sunansa ba ya rubutawa da boko zai ba mai bak. Ya ce a ba shi lambar mutumin da ya yanke hukuncin, zai gaya masa ko wace ce ɗiyarsa. Madam ta ce babu lamba, babu ma tabbacin mutum ne ya duba. Wannan ya fi ƙona masa rai. An kira ɗiyarsa ɓarauniya, kuma babu fuskar da zai je ya tsaya gabanta. A gida ya sauke fushin a kan Delu, ya ce saƙo guda ta kasa kaiwa. Delu ta ce ai yana da baki, kuma ya san hanyar zauren. Ya fita ya bar tuwonsa.

Madam ta rubuta wa masu jarrabawar ta yi bayani, suka yarda a sake sau ɗaya. Lokacin da ya rage ba zai isa na uku ba. Manzo ya nemi wani ɗaki a Buza, har Madawa ya je, amma ko'ina da nasa ciwon: nan injin niƙa, can kuran, wato lantarki, na yankewa, wani wurin mutane na shiga suna fita. Dole aka dawo gidan Alhaji.

Ana gobe jarrabawa ya tuɓe takalmi ya shiga zaure da niyyar faɗa da bakinsa. Ya gaida tsohon, ya tambayi ƙafa, ya tambayi shanu, ya tambayi gero. Alhaji ya ce ya ji yarinya ba ta dace ba wancan karon, kuma ya san dalili, an shiga abu babu shiri ne, amma wannan karon shi da kansa zai tsaya mata. Maganar ta zo wa Manzo har maƙogwaro. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," ya fito yana zagin kansa.

Washegari bai shimfiɗa buhu ba, a tsaye ya yi gadin. Mubaraka ta dube shi kafin ta saki labule, shi kuwa ya kau da kai. Matan gida suna zaune a rumfa shiru, an hana ko turmi motsi.

Can sai ga Alhaji ya fito daga turakarsa, babu sanda, hannu biyu riƙe da ƙwarya. Rubutu ne, tun asuba ya aika aka wanko daga wajen liman. Yana tafe a hankali don kada ya zube. Manzo ya ji gwiwoyinsa suna neman ƙasa kamar kullum. Ya dafa bangon, ya tsaya.

Tsohon ya iso har numfashinsu na haɗuwa. Ya jira a kauce, ba a kauce ba.

"Matsa in ba ta ta sha."

"Ba a shiga, Baba." Muryar Manzo ta fito ƙasa-ƙasa, don ba ya so kamera ta ji.

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ka shiga. Shigarka ce ta kashe ta farko. Sun ce kai ka ba ta amsa, sun ce ta yi sata. In ka ɗaga labulen ga, karatunta ya ƙare."

A rumfa Delu ta rufe baki da gyale. Alhaji ya dubi labulen, ya dubi matan, sannan ya dubi Manzo, wanda karon farko idonsa ke cikin nasa.

"A gidana," in ji tsohon.

"A gidanka, Baba."

Alhaji ya juya da ƙwaryarsa, yana takawa a hankali yadda ya zo, ya shige turaka. Manzo ya ci gaba da tsayuwa, gumi na bin bayansa, yana tsine wa mutanen da suka zauna a ƙasarsu suka tsara jarrabawar da sai mutum ya tozarta surukinsa kafin ɗiyarsa ta ci.

Mubaraka ta ci, da maki fiye da wanda jami'ar ta nema. Madam Zaliha ta yi guɗa a waya. Labarin ƙofar kuwa ya riga sakamakon isa Deule, har a wurin aiki leburori na tsokanarsa, in ya tunkaro sai wani ya tare hanya da shebur ya ce ba a shiga. Bai yi dariya ko sau ɗaya ba.

Da tafiya ta matso suka je Buza sallama. Alhaji ya sa Mubaraka a gaba yana yi mata tsiya, wai ta tafi ta auro Bature mai jan kunne ta bar shi da furfura. Ya dafa kanta ya yi mata addu'a mai tsawo. Manzo na durƙushe a bakin zaure, takalmansa a waje. Ya gaishe shi, tsohon ya juya ya tambayi Delu ko an yi ruwa a wajensu. Ya sake gaisuwa, tsohon ya kira yaro ya kawo wa baƙi fura.

A hanyar tasha Delu ta ce ya nemi liman da dattawa biyu su raka shi ya ba da haƙuri, tsohon ba ya da riƙo. Manzo ya gyara jakar Mubaraka a kafaɗa, ya ce zai je, zai durƙusa, zai faɗi duk abin da aka ce ya faɗa. Amma kada kowa ya sa shi ya ce ya yi kuskure.