Watan Da Ya Riƙe Ruwansa

Tun da aka share gonaki aka ƙone tushiyoyi, Luba ta zama mai kallon yamma. Mijinta Abdulƙadir yana cin rani a Fatakwal, yana aikin gini, kuma da alkawarin zai dawo da zarar damina ta ƙarato ya tafi. Amma a wayarsu ta ƙarshe sai ya shigo da wata magana mai santsi: aiki ya yi armashi, in ruwa ya yi jinkiri bana, ƙaninsa Zuhair ya shuka masa gonar, shi sai kaka. Ta ce masa to. Ranar ko tuwo kasa haɗiya ta yi.

A ƙauyensu da ke bayan Kiyawa, Dada ake tambaya labarin ruwa, kakar Abdulƙadir. Ita ke duba jinjirin wata ranar da ya tsaya. In ya zauna daram kamar ƙwarya, ya riƙe ruwansa ke nan, sai a ƙara haƙuri. In ya karkata, zubarwa zai yi. Abdulƙadir yana iya musu da kowa, ban da Dada da watanta.

Sai dai idon Dada ya yi yana. Don haka da aka idar da magariba ta dafa kafaɗar Luba suka fita bayan rumbu, inda babu bishiyar da ta tare gari.

"Ara mini idonki, amarya. Ya tsaya?"

Ya tsaya, siriri kamar yankan farce, a saman jan da rana ta bari. Luba ta karkata kanta dama, ta karkata hagu, ko zai bi ta. Bai bi ta ba. Kalma ɗaya ta ƙarya ce tsakaninta da dawowar mijinta, kuma tsohuwar ba za ta taɓa ganewa ba.

"A zaune yake, Dada," ta ce. "Ko ɗigo ba zai zubar ba."

 Hannun Dada yana kan kafaɗar Luba, ta ji abin da kafaɗar ke yi.

"Kira mini ja'irin nan."

Da Abdulƙadir ya ɗauka, ko gaisuwa Dada ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Kai maigidan da ya gudu ya bar ni da cefane, wata ya karkata. Tattaro komatsanka."

Luba ta toshe bakinta da mayafi. Ta cikin wayar ana jin ƙarar motoci, sannan dariyarsa.

"Haba Dada. Ga ni a kan bene ina kallonsa, a zaune yake."

"Wannan naku ne na Fatakwal. Ni namu nake gaya maka."

"Wata ai ɗaya ne, tsohuwa."

"Da ka san haka ka bar yarinya tana kallonsa ita kaɗai? Ungo, ga ta."

Wayar ta yi wa Luba nauyi a hannu.

"Luba," ya ce, dariyar ta ragu. "Ke me kika gani?"

Ta sake ɗaga kai. Gari ya ƙara rufawa, yanzu har ana iya ganin sauran jikin watan a cikin ƙwaryar, kewayayye, dishi-dishi kamar toka.

"Gaskiyarka ce, Yaya, bai karkata ba," ta ce. "Amma ka duba cikinsa. Duk sauransa yana nan, ina ganinsa sarai. Haske ne kawai babu."

 Ta san kallo yake, ta san yadda yake runtse ido ɗaya in yana kallon abu mai nisa, sai hawayen da ta riƙe tun lokacin sharar gona suka sauko.

"Ki ce wa Zuhair kada ya taɓa mini gona," ya ce a hankali. "Ya dai kai fartanyata maƙera a wasa ta."

"Me ya ce?" in ji Dada.

Luba ta share hawaye da bayan hannu. Tsohuwar ta ja mayafinta ta juya.

"To muje, sauro ya fara cina."