Ranar da Inna Ta Rungumi Auta

Inna ba mai lallashi ba ce. 'Ya'ya shida ta haifa, babu wanda zai ce ta taɓa shafa masa kai. Jika ya faɗi ya fasa gwiwa, abin da zai ji shi ne, "Tashi, ƙasar ba ta ji ciwo ba?"

To, Autanta direban babbar mota ne, an sauya masa hanya zuwa wajen duwatsu inda sanyi ke shiga ƙashi. Saura wata guda ya fara. Inna ta sayi zaren ulu ruwan toka, ta ɗauko kwarashinta, ta ƙudura sai ta saƙa masa rigar sanyi ba tare da kowa ya sani ba. Abu ɗaya ya tsaya mata: awo. In ta ɗauko igiyar awo, asiri ya tonu.

Ran nan Auta ya shigo gaishe ta, zai fita ta ce, "Zo nan." Ta miƙe, ta zagaye ƙirjinsa da hannuwa biyu, ta lura da inda yatsunta suka haɗu a bayansa. Ta dafa kafaɗarsa, ta bi hannunsa har wuyan hannu.

"Shi ke nan, je ka."

Auta ya fita. A bakin famfo ya tarar da matarsa tana wanke-wanke.

"Inna ta rungume ni."

Kwano ya suɓuce mata. "Wace Innar?"

Kafin la'asar an buga wa babbar 'yar Inna, Yaya Babba, waya, ta zo da mayafi a karkace. Suka taru a zaure suka yanke cewa tsohuwa ta ji wani abu a jikinta, bankwana take yi. Ga shi kuma ta fara kulle ƙofa tana wuni a ɗaki.

Inna ta gane sarai, ta bar su a haka. Aka sauya mata katifa. Fankar da ta shekara biyu tana ƙara aka gyara a yini ɗaya. Jikoki suka daina buga ƙwallo a jikin tagarta. In an tambaye ta jiki, sai ta kalli rufin ɗaki ta ce, "To, mun gode Allah dai," a fita ana share hawaye, ita kuma ta jawo saƙarta daga ƙarƙashin matashi.

Kwana goma sha biyu, ta gama gaba da baya, saura hannuwa. Ta kira Auta don ta tabbatar. Ta sake zagaye shi. Yatsun da a da da ƙyar suke taɓa juna, yau har sun haye kan juna.

Ta ture shi. "Kai! Ina sauranka?"

"Inna, abinci ba ya shiga," ya ce. "Ki gaya mini gaskiya, me likita ya ce?"

"Wane likita? Ka ga na yi kama da mai tafiya? Awo na yi, sakarai!"

Ta fizgo rigar ta kara masa a ƙirji. Ta yi masa yawa, har da wurin saka ɗan'uwa. Matar Auta da ke laɓe a bakin ƙofa ta toshe baki da zani.

"Ke ma shigo, mai laɓe. Kina kallo miji na zubewa kamar buhun da ɓera ya huda?"

"Inna, ai don ke ne..."

"Don ni? In don ni ne ya ci. Ba zan warware aikin kwana goma sha biyu saboda shirmenku ba. Sauran kwana nawa tafiyar?"

"Sha takwas," in ji Auta.

"Sun isa. Ɗebo masa shinkafa, ki cika kwanon, ki kawo nan gabana. Kai kuma zauna. Kullum zan auna."