Ƙashin da Ya Ƙi Haɗewa

Kafinta mutum ne da bai iya shiru ba. Yana auna katako yana surutu, yana buga ƙusa yana gyara wa duniya zama. Shi ya sa ranar da aka ɗaure masa baki da waya, matarsa ta ce a ranta, Allah dai ya yafe mata, kunnenta zai huta na mako shida.

Abin da ya faru kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana tura katako cikin injin yanka, katakon ya yi tsalle ya dawo ya same shi a haɓa. Abokan aikinsa ma cewa suka yi dukan bai kai ya karya mutum ba, akwai wanda ya sha wanda ya fi shi ya tashi da kumburi kawai. Amma hoton asibiti ya nuna muƙamuƙin ƙasa ya tsage. Likitar ta haɗa haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya, ta ba su ƙaramin almakashi na yanke wayar ko da amai zai taso masa, ta ce su dawo bayan mako shida.

Matar kafinta ta koyi mayar da komai ruwa. Madara, ƙwai, dafaffen dankali, romon kaza, duk sai ta markaɗa ta tace, ta zura masa siririn bututun roba ta gurbin wani haƙori da aka cire tun tuni. Hutun da ta yi fata kuwa bai samu ba, domin ya ɗauko fensirinsa na aiki da guntayen katako ya ci gaba da surutu a rubuce. “Gishiri ya yi yawa.” “Wa ya bar ƙofa a buɗe?” Har faɗa suka yi sau biyu, ita da baki, shi da fensir, kuma shi ya ci.

Akwai abu ɗaya da ba ya rubutawa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗo daga rufin wani gida, ya bugu a baya, aka rubuta masa tiramol na mako biyu. Mako biyun ne bai ƙare ba har yau. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kuma ba don maye ba, don dai ya iya sunkuyawa ya ɗaga guduma. Ba wanda ya sani sai ita. Ya roƙe ta, ya kuma sa ta yi alkawari, kada kowa ya ji, musamman Auta, 'yarsu da ke aure a bayan layinsu, wadda take bugun ƙirji cewa babanta ko maganin ciwon kai bai taɓa sha ba.

Washegarin ɗaurin wayar, matar ta same shi a bakin gado, gumi na tsattsafo masa, ga ƙwayar a tafinsa ba hanyar shiga. Ta karɓa, ta murƙushe ta tsakanin cokula biyu, ta zuba a madara. Haka ta riƙa yi sau huɗu a rana, kuma gaskiya tana jin daɗin dabararta, tana ganin ba kowace mace ce za ta yi wannan tunanin ba.

Da mako shida ya cika, likitar ta jera hoton farko da sabo a jikin fitila, ta daɗe tana kallo. Ko matar kafinta da ba ta san kan hoto ba ta ga baƙin layin yana nan inda yake.

“Baba, ƙashin bai kama ba,” in ji likitar. “Kana da ciwon suga?”

Ya girgiza kai.

“Taba fa?”

Ya girgiza kai da ƙarfi, har da ɗan fushi.

“Akwai wani magani da ka daɗe kana sha? Ko wane iri ne.”

Ya girgiza kai, a hankali wannan karon, idonsa a kan takalminsa.

Likitar ta zauna. Ta ce abin da ya dame ta ba tsagin ba ne kawai, ƙashin ne gaba ɗaya ya yi sako-sako, ya fi shekarunsa tsufa. In ta san dalili, za ta iya ƙara masa wasu makonnin a cikin waya, a yi maganin dalilin. In ba ta sani ba, sai dai aiki: a buɗe, a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike, a ɗaure da ƙarfe.

“Kuma kai kafinta ne, Baba, ka san abin da ƙusa ke yi a katakon da gara ta ci. Ba ni da tabbacin ƙarfen zai zauna.”

Matar ta kalli mijinta. Shekara talatin da huɗu tana riƙe masa sirri, ƙanana da manya, ba ta taɓa jin nauyin ko ɗaya ba sai yau. Tsoro ya kama ta, tsoron kada ya ƙare rayuwarsa yana shan abinci ta bututu. Ta jira ya ɗauko fensir. Fensirin na aljihunsa, tana ganin kansa ya leƙo, amma hannunsa bai motsa ba.

“Likita,” ta ce, “yana shan tiramol. Huɗu a rana. Shekara goma sha ɗaya. Ni nake daka masa a madara.”

Kafinta bai juyo ba. Kunnuwansa ne kawai suka yi motsi, kamar yadda suke yi in ya cije haƙora.

Likitar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi, da matar ta fi jin sauƙi. Ta yi bayani ne a natse: irin wannan maganin in ya daɗe a jiki yakan rage sinadaran da ke gina ƙashi, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa ba a sani ba, in ya karye kuma ya yi nauyin haɗewa. Ta ja kunnensu kada a yanke masa shi rana ɗaya, jiki ba zai ɗauka ba. Ta haɗa su da wani likita da ya rubuta yadda za a riƙa ragewa mako-mako, da abin da zai sha don bayansa, ta ƙara masa mako shida a waya.

Ta juyo ga matar. “Amma maganin kada ya zauna a hannunsa, Mama. Zai nema, kuma ba don mugun hali ba.”

A mota bai rubuta komai ba. Da suka isa gida ma bai rubuta ba. Matar ta kai masa romo, ya sha, gishiri ya yi yawa ta sani sarai, amma bai ce ba. Wannan shirun ya fi mata zafi a kan duk faɗan da suka taɓa yi.

Kwana uku aka yi haka. A rana ta huɗu da hantsi, ta shigo daga shanya ta tarar da shi a durƙushe a kicin, ya zaro aljihun kabad ɗin ƙasa, ya sa hannu a bayansa inda ta ɓoye kwalin maganin. Ya riga ya same shi. Yana riƙe da shi, bai buɗe ba. Suka kalli juna.

Ya miƙa mata kwalin. Sannan ya jawo wani guntun katako ya rubuta, rubutun duk a karkace: “Ki ɓoye inda ban sani ba.”

Ta dubi kicin ɗin, ta dubi falo ta ƙofa. Kabad, gado, akwatin kaya, kantar littattafai, har ƙyauren banɗaki, babu wanda ba shi ya yi da hannunsa ba. Ya san kowane lungu, ya san inda ya bar rata da gangan.

“Malam, a gidan nan? Ina ne ba ka sani ba?” Sannan ta faɗi abin da ta san ba ya son ji. “Sai dai a wurin Auta. Ta riƙa kawo na kullum da safe. Kuma ka san 'yarka, ba za ta karɓi kwali ba tare da ta tambayi na mene ne ba.”

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da kabad ɗin. Ya daɗe yana juya fensirin a hannu. Ita kuma ta tsaya, kwandon shanya a ƙugu, ba ta ƙara ko kalma ba, domin ta riga ta yi magana sau ɗaya a madadinsa, ba za ta sake ba.

Can ya goge fuska da bayan hannu, ya juya katakon ya yi rubutu, ya ɗago mata.

“Kira ta. Ni zan rubuta mata da kaina.”