Ledar da Dadi Ta Mayar

A gidan su Shumaila da ke Rawalpindi ba a cire wa sabon abu leda. Kujerun falo sun shekara tara a cikin tasu, haka ƙofar firij. Dadi, kakarta ta wajen uba, ita ke tsare da wannan doka.

Wata huɗu Shumaila ta yi tana zaɓen kayan da za ta haɗa kwamfutarta ta farko. Ɗakin da suke kwana ita da Dadi ba shi da wurin tebur, sai wani alkuki a bango, don haka dole akwatin ya zama ƙarami. Da tef ɗin ɗinkin Abbu, mahaifinta, ta riƙa awo: tsayin fanka, tsawon katin da ke fito da hoto a fuskar kwamfuta, faɗin babban allon da komai ke hawa kansa. Ta fasa sayen fanka uku kafin ta samu wadda murfi zai rufu a kanta.

Abbu bai taɓa yarda da zancen ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Juma'a bayan masallaci zan duba. In ta yi aiki, ki je jami'a ki karanta kwamfutar. In ba ta yi ba, ga kwalejin malamai nan bayan layi."

Ranar Alhamis da hantsi ta baje kayan a kan gado. Ta zaunar da ƙwaƙwalwar kwamfutar a kan allon, 'yar murabba'i mai ɗaruruwan ƙafafu sirara kamar allurai. Gindin fanka tagulla ne, shi ke zuƙe zafin ƙwaƙwalwa, kuma ya zo da siririyar leda garai-garai. Ta ɓare ta kamar yadda littafi ya ce. Sai Ammi, mahaifiyarta, ta kira ta ta juya roti, gurasar da suke ci kullum.

Da ta dawo Dadi na gefen gado tana jan carbi.

"Injiniya, an gama tuƙin jirgin?"

"Saura kaɗan, Dadi."

Ta ɗiga man da ake sawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla, ta kifa fankar, ta ɗaure ƙusoshi huɗu da lalube don hannunta da ƙyar yake shiga akwatin. Ta danna maɓallin kunnawa. Kwamfuta ta tashi, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Minti biyar ta ɗauke. Ta sake dannawa, minti uku. Har la'asar haka suka yi. Ta sauya wayoyi, ta buɗe murfi, ta saita mata fankar ɗaki, duk a banza.

Da safiyar Juma'a ta yanke shawarar cire fankar ta duba. Littafi ya ce a murɗa ta a hankali kafin a ja, amma a ƙaramin akwati babu wurin murɗawa: kati ya tare nan, bango ya tare can. Ta ja. Man ya riƙe, ƙwaƙwalwar ta ɓallo daga mazauninta manne da gindin fanka. Ƙafafun gefe guda sun kwanta. Biyu sun karye, ta gan su a kan zanin gado.

A tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla kuwa ga leda nan, ta yamutse da zafi.

Ta ɓare ledar ta nuna wa Dadi.

"Dadi, ke kika mayar da wannan?"

"To wa zai mayar? Abu sabo fil kin tsiraita shi kin tafi. Sai da na goge da bakin mayafi, ko kumfa ɗaya ban bari ba." Tsohuwar ta leƙo fuskarta, murmushin ya ragu. "Puttar, 'yata, na yi ɓarna ne?"

Shumaila ta girgiza kai. Ta ɗauko allurar Ammi ta fara miƙe ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ta san karyayyun biyun ba sa dawowa, kuma ta san shago ba ya karɓar irin wannan. Duk da haka ta ci gaba, har aka kira salla, har aka sauko.

Abbu ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya dubi akwatin a buɗe, ya dubi allurar.

"Ta yi?"

"Ta yi jiya, Abbu. Minti biyar."

"Yau nake tambaya."

"A'a."

Dadi ta buɗe baki za ta amsa laifin. Shumaila ta dafa mata gwiwa, tsohuwar ta fasa.

Abbu bai yi faɗa ba. Da ya yi da ta fi samun sauƙi. A tausashe ya ce Litinin ake rufe karɓar takardun kwaleji, zai raka ta da kansa.

Shumaila ta ajiye allurar.

"Hoto nawa suke so a manna a takardun?"

"Biyu," in ji Abbu.