Saƙo Biyu a Wayar Malam Illo

"Ga su nan, biyu. Karanta da bakinki mu ji."

Muryar Bappa ce, ƙanin Malam Illo, ta tsallako katanga ta same ni ina juya kifi a kan murhun banda. Katangar da ta raba gidana da nasu ba ta kai kafaɗata ba, ko ban so ji ba sai na ji, kuma gaskiya na so in ji. Na leƙa. Malam Illo na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Bappa kuwa ya miƙa wa Rachel waya har kusa da hancinta.

Rachel ce ke riƙe da kwamfutar shagon Malam Illo a kasuwar Yelwa, inda yake sayar wa masunta koma da ƙugiya da igiya. Mutuniyar Shanga ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, shekararta shida a shagon. Ita ta kawo manhajar da ke lissafa kaya, wadda kamfaninta ke cire kuɗin wata daga katin bankin Malam ranar biyar ga wata. Da can saƙo ɗaya banki ke turowa. Amma wata huɗu ke nan wayar na yin ƙara sau biyu, ɗaya na bin ɗaya, dubu tara, dubu tara.

Rachel ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, ta rubuta wa kamfanin har sau biyu ba su amsa ba. Bappa ya ce kamfani ba mahaukata ba ne, ɗayan kuɗin aljihun wani yake faɗawa, kuma mutum ɗaya ne ya san cikin kwamfutar nan. Ya karɓe makullin shago daga hannunta, ya ce idan saƙon watan gobe ya zo biyu, a ofishin 'yan sanda za ta yi bayani. Ta kalli Malam Illo tana jiran ya ce wani abu. Ya juya fuskarsa ga bango.

Ni ma, Allah Ya yafe mini, na zarge ta. Na ga sabon takalmi a ƙafar ɗiyarta, na ga ta canja kwanon rufin ɗakinta kafin damina, na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci. Na gaya wa Uwani matar Malam. Na gaya wa mata a bakin ruwa muna jiran kwale-kwalen kifi, kuma ban rage gishiri ba. Kafin mako ya zagayo, idan Rachel ta shiga kasuwa mata sai su gyara ɗaurin lalitarsu. Wani mai shagon magani da ya so ɗaukarta aiki ya fasa.

Jikin Malam Illo na ta yin ƙasa. An kai shi asibiti an dawo da shi, aka ce a ci gaba da addu'a, mu kuwa mun san ma'anar wannan. Wata rana da hantsi ya kira ni ta kan katanga, muryar da ƙyar take fita.

"Ladidi, ke ma kina ganin ita ce?"

Na ce to wa zai zama in ba ita ba.

"Shekara shida ko allurar ɗinkin koma ba ta ɓace ba," in ji shi. "Ba ni son in tafi an cuce ni. Amma na fi tsoron in tafi ni na cuci wani."

Na ba shi haƙuri na koma kan kifina, raina na ce mini tsoho ne mai taushin zuciya, shi ya sa aka samu kansa.

Ranar biyu ga wata, bayan la'asar, Rachel ta dawo riƙe da takarda. Ina cikin gidan a lokacin, na kawo wa Uwani romon kan kifi ko Malam zai iya sha. Ta gaishe da kowa, ni ta tsallake ni, sai daga baya na gane ba ta da laifi. Ta ce kamfanin ya amsa. Rajista biyu ce a kan kati ɗaya. Ta farko ita ta yi da kwamfutar shago. Ta biyu an buɗe ta wata huɗu da suka wuce, da lambar wayar Malam ta yanzu.

Bappa ya yi tsaki ya ce ai ga ta nan, ta ɗauki wayar mutum ta yi aikinta. Rachel ta ce a duba ranar da ke jikin takardar. Ranar kasuwar Wara ce, Malam ya yi tafiya da wayarsa, ita kuma tana shago tun safe har rufewa.

Kasuwar Wara. Sai na ajiye kwanon romo.

Mako ɗaya kafin waccan ranar kasuwar, Malam Illo ya shigo gidana a sace da waya tana ɗigar ruwa. Ta faɗa cikin ruwan da ke kwance a gindin kwale-kwale, yana kai wa masunta koma. Rachel ta sha gaya masa ya riƙa sa ta a leda, shi kuwa yana cewa shekara arba'in yana hawa ruwa, ba yarinya ce za ta koya masa ba. Kunya ta hana shi faɗa mata. Ya roƙe ni in busar masa da ita a gefen murhun banda, kada kowa ya ji. Ni kuma na ɗora ta na shiga ciniki na manta. Da na tuna, wayar ta kumbura kamar ƙosai, layin ciki ya lanƙwashe. Tsohon layin da sunan wani yayansa da ya rasu aka yi shi, babu halin dawo da shi. Sai Malam ya bari har ranar kasuwar Wara, inda ba a san shi sosai ba, ya sayi waya irin waccan sak da sabon layi, ya dawo ya ce wa kowa kamfanin waya ne suka rufe masa tsohon.

Duk wannan na sani. Wata huɗu ina zaune a kansa, har na zo ina nuna 'yar mutane da baki, ko sau ɗaya ban haɗa shi da saƙon nan ba.

Na buɗe baki na faɗa, tun daga kwale-kwale har ƙosai, a gaban Bappa da Uwani. Fuskata kamar an watsa mata barkono.

Malam Illo ya buɗe ido. "Ladidi, kin tona ni."

Da ƙyar, yana hutawa tsakanin magana, ya ce mai sayar da wayar ya tambaye shi abin da ke cikin tsohuwar, ya ce akwai abin lissafin shago. Mutumin ya saka masa, ya nemi katin banki, ya ba shi. Da ya buɗe ya ga babu komai a ciki, sai ya ɗauka lissafin ya nutse tare da waccan wayar, ya yi shiru da bakinsa. Bai taɓa sanin sabon biya ya jawo wa kansa ba.

Ya nemi a ɗaga shi, Uwani ta tallafe masa baya.

"Rachel, ɗiyata, ni ne. Ki yafe mini."

Tana ninke takardar nan, ta buɗe, ta sake ninkewa.

"Ranar nan, abin da na so ji ke nan, Baba, ka ce ka yarda ba ni ba ce. Kuɗin ba su dame ni ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Na yafe."

Bappa ya zaro makulli ya miƙa mata yana kallon ƙasa. Ta zauna a bakin tabarma ta karɓi wayar Malam, ta rufe rajista ta biyu, yana kallon yatsunta har ta gama. Da za ta fita na bi ta zaure na ce ni ma ta yafe mini. Ta ce wuraren da na kai maganar, in je in ɗauko ta tukuna.

Washegari da sassafe na je bakin ruwa na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Na je wurin mai shagon magani. Wallahi sauke kwandon kifi goma ya fi mini sauƙi. Ina dawowa da azahar na ji kukan Uwani tun daga bakin lungu.

Ranar sadakar uku ta faɗo biyar ga wata. Muna zaune cikin gida mata cike da tabarmi, Rachel ta shigo da ƙullin shinkafa a ka. Na matsa na ba ta wuri kusa da ni. Ta tsaya jim kaɗan, sannan ta zauna.

Wayar Malam na kan cinyar Uwani, a cikin leda. Ana tsakiyar raba gumba ta yi ƙara. Hannun Uwani ya tsaya a cikin ƙwarya. Bappa da ke wucewa da buta ya tsaya a bakin rumfa. Duk muka zuba wa ledar ido muna jira.

Ba ta sake yi ba.