Motar Baba Mai Rawar Ɗari

"Kada ka tayar da ita, Baba!"

Hannun Baba Direba na kan makulli muryar ta tsayar da shi. Ya leƙo ta taga, sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa, ta shigo cikin shuɗiyar rigar aiki, da akwatin kayan gyara a hannu. Shekara shida ke nan da ta buɗe garejinta, ko sau ɗaya bai taɓa kai mata motarsa ba. Shi ne ya yi ta faɗa lokacin da ta ce kanikanci za ta koya, har yau kuma bai san ta inda zai fara janye maganarsa ba.

"Wa ya kira ki da sassafen nan?"

"Ni," in ji matarsa, Inna, daga bakin kicin, da butar shayi a hannu. "Na gaji. Kullum da safe motar nan sai ta kaɗa min tagogin ɗaki."

Gaskiya ta faɗa. Wata biyu ke nan, da ya murza makulli da safe sai motar ta kama rawar ɗari, sitiyari na karkarwa, salansa na tari, silo ya ƙi zama. In ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Kanikawa uku ya kai wa, amma kafin ya isa gareji inji ya yi zafi, sai ta yi lumui kamar ba ita ba. Na ƙarshensu har cewa ya yi wataƙila hannun Baba ne ke rawa. Babban ɗansa kuwa ya yanke hukunci ta waya: ƙarshen mako zai turo mai sayen tsofaffin ƙarafa. Motar da Baba ya ɗauko kowane ɗansa daga asibiti a cikinta, ita za a ɗora a sikeli.

Auta ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta dafa bonet da tafin hannu. "Madalla, da sanyinta. Haka nake son ta. Minti nawa take yi tana rawar?"

"Biyar. Wani lokaci bakwai."

"Hayaƙi fa?"

"Babu."

"Ruwa na raguwa a lagireto?"

"Ko ɗigo." Ya gyara tsayuwa. "Fulogi ne. Shekara talatin da huɗu ina tuƙi, na san fulogi in ya gaji."

"Sau biyu yana canza su," in ji Inna.

"Ke ba da ke ake ba."

Auta ba ta yi musu ba. Ta kwance fulogin ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan tsumma, ta kira shi ya duba da idonsa. Duk huɗun lafiya lau. Ta duba wayoyinsu, ta buɗe matatar iska ta ɗaga ta ga haske, ta taɓa cok mai rage wa inji iska ta ga yana rufewa yadda ya kamata. Baba na tsaye a bayanta yana neman abin da zai gyara mata, bai samu ba. Yadda take ajiye kowace ƙusa a inda za ta same ta, haka shi ma yake yi.

"To, Baba, yanzu tayar. Ka riƙe ta kaɗan da totur, kada ta mutu."

Ya murza. Motar ta tashi da tari da jijjiga, har cokali ya yi ƙara a kofin Inna. Bai taɓa jin daɗin rawar nan ba sai yau, don ga shaida ta gani.

"Kin ji ko? Kin ji? Suka ce hannuna ne!"

Auta ta ɗauko guntun tiyo, ta sa bakinsa ɗaya a kunne, tana yawo da ɗayan a jikin inji. Can ƙasan kafireta ta tsaya. Ta ɗauko gwangwanin man wanke kafireta ta fesa kaɗan a wurin. Nan take muryar injin ta ɗaga, rawar ta ɗauke. Daƙiƙa uku, ta dawo. Ta sake fesawa, ta sake ɗaukewa.

"Zo ka ji, Baba."

Ya bar Inna ta danna totur da hannu, tana mita, ya zagayo ya karɓi tiyon. Kunnensa ya yi nauyi, amma ya ji: wani siririn fito kamar na yaro mai wushirya.

"Iska take sha ta ɓarauniyar hanya," in ji Auta. Ta kashe motar, ta zaro wani ɗan tiyon roba da bai fi yatsa kauri ba, ta lanƙwasa shi. Tsaga ta buɗe baki. "Da sanyi robar na ƙagewa, tsagar ta buɗe, iska ta fi mai yawa. In inji ya yi zafi sai ta yi laushi ta rufe. Shi ya sa take ƙaryata ka a gaban mutane."

Baba ya karɓi robar yana juya ta. Sai dariya ta kece masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har ya dafa ƙofar mota. "Wannan? Wannan ɗan abin ne zai sa a sayar min da mota? Inna, zo ki ga ɓarawon!"

Auta ta yanko sabon tiyo daga akwatinta ta sa, ta ɗaure. Ya yi wuf zai shiga ya gwada, ta tare shi.

"Yanzu ta yi ɗumi, ko me ta gaya mana ƙarya ne. Sai ta huce sarai."

Haka ta kira gareji ta ce ba za ta shigo ba. Suka wuni a inuwar baranda. Ya ba ta labarin ranar da belin fanka ya tsinke masa a daji ya ɗaure da igiyar takalmi, ta ba shi labarin motocin yanzu da sai an tambayi kwamfuta. Da babban ɗansa ya kira, Baba ya ce, "Ka sallami mai ƙarafanka. Injiniya ta duba ta." Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Da yamma, da bonet ya yi sanyi ƙalau, ya murza makulli. Motar ta tashi bugu ɗaya, silo ya zauna daram. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya fito ma gaba ɗaya, ya zagaya ta sau biyu. Tana nan tana gurnani a hankali.

Auta ta rufe akwatinta. "Shi ke nan, Baba. Ni zan wuce."

Ya karkata kai wajen tayar baya. "Kamar ina jin wata ƙara a can. Da safe take fi fitowa. Ko za ki leƙo gobe?"

"Wace ƙara?" in ji Inna. "Kai da sai an kira ka sau uku kake amsawa?"

Auta ta dubi tayar, ta dubi mahaifinta. Ta mayar da akwatin ta ajiye a bayan ƙofa.

"Bari in bar shi nan," ta ce. "Irin wannan ƙarar takan ɗauki kwanaki kafin a gano ta."